Darasi: 'Yancin Ma'aikaci a Ƙasashen ECOWAS

Ɗalibi, ko ka san ɗan Nijeriya yana iya zuwa Gana ko Togo neman aiki ba tare da biza ba? An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975. A 1979, a birnin Dakar, ƙasashenta suka sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga. Ita ce ta ba ka ikon shiga ƙasashen ƙungiyar, ka zauna har kwana 90. Amma dole ka riƙe fasfo ko wata ingantacciyar takardar tafiya, da katin rigakafi. In za ka daɗe kana aiki, sai ka nemi izinin zama, domin wanda ba shi da takardu ana iya korarsa.

Tambaya: Me ya sa ma'aikaci yake bukatar izinin zama?