Manaja Ya Ce In Na Tafi Haihuwa Kada In Dawo

Tambaya: Ina aiki a wani kamfanin roba a Kano. Cikina wata bakwai, manaja ya ce in na tafi haihuwa to na tafi ke nan. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya sauke ki lafiya. Kurari ne kawai yake yi miki. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba ki hutun mako 6 kafin haihuwa, in kin kai takardar likita, da mako 6 bayanta. Idan kin cika wata 6 a aikin, dole a biya ki aƙalla rabin albashi, kuma bai isa ya sallame ki cikin hutun ba. Ko kin dawo, kina da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Kaɗan ne, a ganina, amma haƙƙinki ne.

Kada ki tunkare shi ke kaɗai. Ki nemi hutun a rubuce, ki riƙe kwafi, ki adana saƙonnin albashi na banki. Sannan ki kai maganar ga wakilin ƙungiyar ma'aikatanku. In babu ƙungiya, ki je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ko na ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, wato NLC. In ya turje, akwai Kotun Ma'aikata a Kano.