Hasashen Tasowar Cutar Toshewar Hanyoyin Numfashi

Gabatarwa

Cutar toshewar hanyoyin numfashi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD, ciwo ne mai ƙuntata hanyoyin iska a cikin huhu, ba ya kuwa warkewa sarai. Shan taba shi ne babban musabbabinta, sai kuma daɗewa cikin hayaƙin itace, kamar na masu girki a murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar ta kashe mutum miliyan 3.23 a shekarar 2019. Wannan maƙala za ta duba yadda ake gane wanda ciwon zai fi taso masa.

Ma'anar Tasowa

Tasowa ita ce ciwon ya tsananta cikin 'yan kwanaki, watau haki ya ƙaru, tari ya yi yawa, kaki kuma ya yi kauri ko ya sake launi. Galibi mura ko gurɓatacciyar iska ke tayar da shi. Kowace tasowa tana iya rage ƙarfin huhu, mai tsanani kuwa takan kai ga kwanciya asibiti, wani lokaci har ga rasa rai.

Alamomin Hasashe

A shekarar 2010 aka buga sakamakon binciken ECLIPSE, wanda ya bi majiyyata 2,138 har shekara uku. An gano cewa babu alamar da ta kai tarihin majiyyaci ƙarfi, domin wanda ciwon ya sha taso masa bara, shi ne aka fi sa ran zai taso masa bana. Raunin huhu, wanda ake aunawa da na'urar busawa, shi ma alama ne, haka nan yawan ƙwannafi.

Bisa irin wannan hujja ne rahoton GOLD na 2023 ya sanya duk wanda ciwon ya taso masa sau biyu a shekara, ko sau ɗaya da ya kwantar da shi asibiti, cikin rukunin masu babban haɗari.

Kammalawa

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tun da hasashen ya dogara ga abin da ya wuce, majiyyacin da ya ɗauki tasowa a matsayin murar hunturu, ya ƙi ambata ta, ya ɓoye wa likita babbar hujjarsa. Wajibi ne ya riƙe lissafin kowace tasowa, domin da shi ake zaɓar maganin da zai rage aukuwar ta gaba.