Ranar da Duna Ya Ci Tsarabar Yara

 Ɗana, da na ji muryarka a waya daren jiya tana rawa, na zaci wani mummunan abu ne ya sami iyali. Da ka ce Duna ne ya ci cakulan, sai na ɗan sauke numfashi. Amma ka lura ban yi dariya ba. Wanda bai taɓa ajiye kare ba ne zai yi dariya. Dabbar da ke kwana ido biyu a ƙofar gidanka kai kana sharar barci, ranar da ta kwanta dole hankali ya tashi. Malamai ma sun sha ba mu labarin mutumin da ya sami gafara don ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Alhamdu lillahi, likita ya ce ya tsallake. To, tunda ƙura ta lafa, zauna mu yi magana a tsanake. Gida mai yara da kare, irin wannan ba sau ɗaya take zuwa ba.

Zan fara da amaryata, wato jikata, don na jiyo kana yi mata tsawa ta cikin waya. Kada ka ƙara. Shekararta biyar. Mu ne muka koya mata kada ta ci abu a gaban wani ba ta miƙa masa ba, muna ta ce mata rowa ba kyau. Ta ga Duna ya zuba mata ido yana kaɗa wutsiya, ta ɓallo ta ba shi, shi kuma ya wawure sauran kwalin. Ina laifinta? Tarbiyya ce ta yi aiki a inda ba a zata ba. Kuma ko don kanka ka bi ta a hankali, domin a irin wannan rana yaro shi ne kaɗai shaidarka. Yaron da ya hangi bulala cewa zai yi "ɗan kaɗan ne", ko da kwali guda aka cinye. Kai kuma wannan "ɗan kaɗan" ɗin za ka ɗauka ka kai wa likita, ya yi lissafi a kan ƙarya. Ka durƙusa, ka riƙe hannunta, ka ce ta nuna maka inda aka ci da ledar da ta rage. Za ka sami gaskiya kafin ka ƙirga goma.

Ka tambaye ni jiya, me ya sa abin da yaro ke ci ya kwana lafiya zai nemi ran kare? Abincin wani gubar wani. Da koko ake yin cakulan, ba kokon da muke sha da ƙosai ba, kokon kurmi nake nufi. Lokacin da nake zuwa sarin goro a ƙasar Ondo ina saurayi, na sha ganin an shanya shi a bakin hanya, warinsa mai tsami-tsami ya cika gari. A cikin ƙwayarsa akwai wani sinadari da ake kira tiyoburomin, da kuma ɗan'uwansa kafeyin, wanda ke cikin kofi da shayi. Kada sunan ya tsorata ka, ka san aikinsa tun kana yaro. Bishiyar koko da ta goro dangi ɗaya ne. Abin da ke hana direban tirela gyangyaɗi idan ya tauna goro, irinsa ne. Yana zaburar da zuciya, yana tsayar da ido, yana sa yawan fitsari.

Bambancin yana wurin fitarwa. Jikin mutum kan rage rabin tiyoburomin cikin awa 7 ko makamancin haka, ga shi kuma muna da nauyi. Jikin kare sai ya yi kusan awa 17 zuwa 18 kafin ya rage rabi. Ka auna: idan ya ci bayan isha'i, har azahar ɗin gobe rabin abin yana nan yana yawo a jininsa. Shi kuma kare bai san "na ƙoshi" ba. Mu mukan ɓalli ɗan yanki mu ajiye, shi har takardar yake haɗiyewa.

Saboda haka duk ranar da ta sake faruwa, Allah Ya kiyaye, ka fara kwashe abin da ya rage, ka ɗaure karen a inda kake ganinsa, ka dubi agogo. Lokacin da ya ci yana da muhimmanci ƙwarai, ka riƙe shi a ka ko ka rubuta. Sannan ka tsinto ledar ko kwalin, ko da ya yayyaga. A jiki aka rubuta nauyinsa da irinsa, kuma shi ne abin da likita zai fara nema.

Irin cakulan ɗin ya fi komai. Ka riƙe wannan: gwargwadon baƙinsa da ɗacinsa, gwargwadon haɗarinsa. Fari fat ɗin nan kusan babu sinadarin a ciki, sai dai maiƙo da sukari su ɓata masa ciki. Mai madara, wanda yara suka fi so, yana da kamar miligiram 2 a kowane giram. Baƙi yana da 5 zuwa sama, kuma idan ka ga an rubuta kashi 70 ko 85 cikin ɗari a jikin kwalin, ya wuce haka sosai. Uban tafiyar shi ne garin koko zalla, irin wanda matarka ke zubawa a kek. Wannan yakan kai miligiram 20 ko fiye a giram ɗaya.

Sai nauyin karen. Likitocin dabbobi suna cewa daga miligiram 20 a kowane kilo na jikinsa ake fara ganin amai da zawo da rashin natsuwa. Idan ya kai 40 zuwa 50, zuciya ta shiga ciki. Daga 60 kuma ana tsoron jijjiga irin ta farfaɗiya. Bari mu yi lissafin da Duna, tunda ka ce kilo 15 ne. Miligiram 300 sun isa su fara taɓa shi. Wato kamar giram 150 na mai madara, ko giram 60 na baƙi, rabin sanda ɗaya ke nan da ɗan ɗori. Garin koko kuwa, cokalin cin abinci uku ya isa. Yanzu ka ɗauko ɗan kwikwiyo mai kilo 3. Shi giram 12 na baƙi kawai, abin da bai fi loma guda ba, ya riga ya kai shi bakin iyaka. Shi ya sa maƙwabcinka zai rantse maka cewa ƙaton karensa ya sha cin cakulan bai ko yi tari ba, kuma gaskiya ya faɗa. Nasa kilo 35 ne, mai madara ya lasa. Kada ka auna naka da nasa.

Idan ba ka san nauyinsa ba, ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da shi, ka cire. Na san wasunmu ba sa son jikin kare ya taɓa tufafinsu. To, ruwa da sabulu ba su ƙare ba, ɗana. A wanke daga baya.

Ka kuma karanta sauran abin da ke jikin ledar. Wani cakulan ɗin da zabibi a ciki, shi kuwa zabibi yana iya lalata ƙodar kare ko da kaɗan ne. Wani kuma, irin na masu ciwon sukari, akan sa masa wani abin zaƙi mai suna zailitol, wanda ke kayar da sukarin jinin kare cikin ɗan lokaci. Idan ka ga ɗaya daga cikin biyun nan, ka ajiye lissafi, ka kama hanya.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin kuskure, kuma ni ma na taɓa yi. Sai a dubi karen a ga yana wasa, yana tsalle, a ce "ai lafiyarsa lau, a bari a gani zuwa safe". Alamun ba sa fitowa nan take. Wani lokaci sai bayan awa 2 ko 4, wani lokaci har awa 12. Tsallen nan da kake gani ma, mai yiwuwa shi ne farkon abin. A daidai lokacin da kake jira, ƙofar da ta fi sauƙi tana rufewa. Cikin awa biyun farko likita zai iya yi masa allurar da za ta sa ya amayo mafi yawa tun bai bi jini ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Bayan nan sai dai a bi abin a baya, ga kuɗi, ga kwana a asibiti, ga wahalar dabba. Ka buga waya tun yana kaɗa wutsiya. Idan likita ya yi lissafi ya ce ka zauna gida ka lura da shi, ba ka yi asarar komai ba sai kuɗin kati.

Na ji kuma maigadinka ya ɗauko manja da gishiri. Allah Ya saka masa, da zuciya ɗaya ya yi. Amma ka yi masa bayani cikin mutunci. Gishirin da ake ɗura wa kare don ya yi amai, shi kansa guba ne idan ya yi yawa, yana iya kumbura ƙwaƙwalwa ya kashe karen da cakulan bai kashe ba. Manja da madara ba sa karya wannan sinadari. Ƙarin maiƙo ne a kan maiƙo, kuma yawan maiƙo na jawo wa kare wani kumburi mai zafi a ciki. Ɗurar dole ma tana iya sa ya shaƙe, abin ya gangara huhu. Kada a zura masa yatsa a maƙogwaro, cizo za a sha a banza. Ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi, wasu na cewa a ba shi, kada ka taɓa sai likita ya faɗa da bakinsa ya kuma faɗi adadi, don yana ƙona tumbi. Kada a ba shi farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane. Gawayin da ka ga likita ya dama masa kuwa, ba na murhu ba ne. Sarrafa shi aka yi musamman don ya kama guba a hanji. Na gasa masara ba ya wannan aikin.

Ka sani babu wata allura guda da ke karya tiyoburomin. Abin da likita ke yi shi ne ya fitar da abin da zai fitu, ya sa masa ƙarin ruwa, ya ba shi maganin da zai lafar da bugun zuciya ko karkarwa, har jiki ya gama aikinsa. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Shi ya sa aka ce maka ka riƙa fitar da Duna fitsari akai-akai. Idan fitsarin ya daɗe a mafitsara, sinadarin na iya sake komawa jini ta nan. Ka ga, ba don ya wahalar da kai ya faɗa ba. Ka ajiye shi a inuwa mai sanyi, ruwa a kusa, yara su bar shi ya huta.

Akwai wani abu da ke damuna, wanda ya shafi unguwanninmu. Kare mai wannan matsala yana haki, yana zarya ya kasa zama, jiki na karkarwa, wani lokaci har da dalalar miyau. Idan ya fita waje a haka, me kake tsammani mutane za su ce? Kafin ka buɗe baki an yi ihun "mahaukacin kare", samari sun fito da sanduna. Kuma ba za ka ga laifinsu ba, ciwon haukan kare gaskiya ne, yana kisa. Don haka ka rufe ƙofa, kada ya fita. Katin rigakafinsa ya zama a inda hannu zai kai. Idan kuma ba ka ga leda ba, ba wanda ya ga ya ci, kawai ganinsa ka yi a haka, to kada ka yanke cewa cakulan ne. Ka nisantar da yara, ka kiyayi bakinsa, ka kira likita. Ko da ka tabbata cakulan ne, idan ya fara jijjiga kada ka sa hannu a bakinsa, ba zai haɗiye harshensa ba. Ka janye abin da zai buge, ka rage haske da hayaniya, idan ta lafa ku naɗe shi a bargo sai asibiti.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jiya ka ɓata kusan rabin awa kana neman lambar waya wurin abokai. Yau ka ajiye lambar likitan nan, ka ba matarka, ka ba maigadi. Ka tambaye shi wa ake kira idan dare ya yi. Ku da ke Zariya kun ma yi sa'a, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a kusa. Akwai irinsa a Sakkwato da Maiduguri. 'Yan'uwanmu da ke kurmi kuma, idan kun yi waya ka gaya musu ɓawon koko da ake zubarwa a bayan gida ma yana da sinadarin, su kula da karnukan farautarsu.

A gida kuma, ba a ba kura ajiyar nama. Hancin kare yana jin cakulan ta cikin jaka, ta cikin leda biyu. Tsarabar matafiyi, kayan Sallah, kek ɗin biki, gwangwanin garin koko, duk a ɗora su sama a rufe. Kwandon shara ma a sa masa murfi. Kai da kake yar da guntun goro a tsakar gida, ka daina, ka ji abin da na ce game da danginsa.

Amaryata kuma kada a hana ta kyauta. Ku ajiye mata ɗan dafaffen nama marar ƙashi, wanda ba a sa wa albasa ba, ku ce mata wannan shi ne cakulan ɗin Duna. Ka gaishe min da ita. Ka ce mata idan na zo ƙarshen wata zan riƙo mata wani kwalin, amma a ɗaki za mu ci, ni da ita, ƙofa a rufe.