YADDA ZA A AJIYE AYABA DA SAURAN 'YA'YAN ITACE A GIDA

Ya kai mai gida, da ke uwargida, ga wata magana wadda ta shafi aljihunku, ta kuma shafi lafiyar 'ya'yanku. Ran kasuwa mutum ya kan sayo ayaba da lemo da mangwaro don iyali su ji daɗi. Bayan kwana biyu sai a tarar rabi ya lalace. Nan hasara biyu ce. Ta fari, kuɗi sun tafi a banza. Ta biyu kuwa ta fi muni, domin ba mai son ya zubad da abin da ya saya da guminsa, sai a miƙa wa yara su cinye. Mu da ke aiki a ɗakin shan magani mun san abin da ke biyo baya, watau ciwon ciki da zawo da amai. Ku karanta wannan darasi, ku kuma karanta wa maƙwabtanku waɗanda ba su iya karatu ba.

1. Amfanin 'ya'yan itace

Kada wani ya ce 'ya'yan itace kayan marmari ne kawai. Abinci ne mai tsare jiki daga cuta. Lemo da gwaiba suna da sinadarin da likitoci ke kira bitamin C, wanda ke ƙarfafa dasashi, ya kuma taimaki miki ya warke. Mangwaro da gwanda nunannu suna ba jiki bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Ayaba tana ba da ƙarfi, tana kuma da sauƙin narkewa a ciki, har jariri da ya cika wata 6 ana iya dama masa ita da cokali mai tsabta, tare da nonon uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata babban mutum ya ci 'ya'yan itace da ganyaye da ba su kasa giram 400 ba kowace rana. Saboda haka ba cewa muke ku daina saye ba. Ku saya, amma ku san yadda za ku ajiye.

2. Abin da ke sa su lalacewa

Ku sani ɗan itace ko an tsinke shi daga uwarsa yana nan da rai, yana numfashi. Abu huɗu ne ke gaggauta mutuwarsa.

Na ɗaya, zafi. Gwargwadon zafin wuri, gwargwadon saurin nunarsa da ruɓarsa. Shi ya sa ayabar da za ta yi kwanaki da sanyin hunturu, da bazara ba ta wuce kwana biyu ko uku in ta nuna.

Na biyu, rauni. Yawancin ayabar da muke ci daga kudu ake kawo ta, lemo mai yawa kuwa daga Binuwai. Sai sun yi doguwar tafiya a mota zuwa manyan kasuwanni irin ta 'Yan Lemo a Kano, sa'an nan a rarraba su zuwa ƙauyuka. Duk inda ɗan itace ya bugu ko ya tsage, nan ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta da fumfuna.

Na uku, laima. Ɗan itacen da aka ajiye da jiƙa, ko aka ƙulle cikin leda har ya yi gumi, shi fumfuna ke fara kamawa.

Na huɗu, wata iska wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, masana suna kiranta etilin. Ayaba da mangwaro da gwanda da gwaiba da tuffa da tumatir su ke fitad da ita sa'ad da suke nuna, ita kuma sai ta sa na kusa da su su nuna da sauri. Wanda ya yi rauni ya fi fitad da ita. Ashe da gaskiyar masu iya magana da suka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari.

3. Gyara tun daga kasuwa yake

'Ya'yan itace iri biyu ne. Akwai masu ci gaba da nuna bayan an tsinke su, kamar ayaba da mangwaro da gwanda da gwaiba. Akwai kuma waɗanda zaƙinsu ba ya ƙaruwa in an raba su da uwarsu, kamar lemo da kankana da abarba. Irin na biyun nan ku zaɓi nunannu tun a kasuwa, domin ajiya ba ta ƙara musu kome sai tsufa. Irin na farko kuwa ku raba sayenku: kaɗan nunannu na ci yau da gobe, saura masu sauran ɗanyantaka na jibi da gata.

Ku duba da kyau kafin ku biya. Kada ku karɓi mai tsaguwa, ko mai huda, ko mai tsiyayad da ruwa, ko mai warin tsami. In mai kaya ya kasa ruɓaɓɓu gefe ya karya kuɗinsu, ku tuna araha ba ta ado. Abin da kuka rage a kasuwa ninkinsa za ku biya a wurin magani.

Akwai kuma wata muguwar dabara da waɗansu 'yan kasuwa ke yi. Su kan sa kabayid, watau dutsen nan mai wari da masu walda ke jiƙawa, cikin ɗanyar ayaba ko mangwaro don su yi launin nuna da wuri. Kabayid yana ɗauke da dafi, yana iya ƙona baki da maƙogwaro, ya ɓata ciki. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a daina wannan aiki. Sau da yawa irin wannan ayaba za ku ga ɓawonta ya yi rawaya sumul, amma kan nonon yana nan kore, cikinta da tauri, ba zaƙi ba ƙamshi. In kun ga farin gari kamar toka a jikinta, ku bar ta.

Wajen komowa gida, kada a sa ayaba a gindin buhu a ɗora mata doya ko hatsi. A bisa kaya za ta zauna, a rufe ta daga rana.

4. Ajiyar ayaba

Da isowa gida ku fid da ita daga leda. Ku ɗaura igiya a kan nonon ku rataye shi a ɗaki mai inuwa inda iska ke ratsawa, ko ku sa ta a ragaya. Ayabar da ke rataye ba ta danne 'yar'uwarta, ɓera kuma ba ya samunta da sauƙi. Kada ku rataye ta kusa da murhu, ko daf da rufin kwano, ko a taga inda rana ke bugawa.

Kowace safiya ku duba. Wadda ta riga saura nuna ku yanke ta da wuƙa, ku bar mata guntun hannunta, a ci ta ran nan. Kada ku fizge ta har bakinta ya buɗe, domin nan ƙananan ƙudaje ke taruwa.

Ayaba 'yar ƙasar zafi ce, ba ta son sanyi mai tsanani. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 13 a ma'auni, sai ɓawonta ya dushe, ɗanyarta kuma ba za ta nuna da kyau ba. Saboda haka da hunturu kada a bar ta ta kwana a tsakar gida. Wanda ke da firiji kada ya sa ɗanya a ciki. Wadda ta nuna sarai ana iya sa ta, ɓawon zai yi baƙi, amma cikin zai ƙara 'yan kwanaki da kyaunsa.

In kuwa so kuke ɗanya ta nuna da wuri, ba ku bukatar kabayid. Ku sa ta cikin kwando ko kwali tare da nunanna guda ɗaya, ku rufe da takarda ko busasshen ƙyalle, ku riƙa dubawa kullum.

Ɗigo-ɗigon baƙi a ɓawon ayaba ba ruɓa ba ne, alamar zaƙi ne. Amma in an ɓare an tarar cikin ya yi ruwa, ko yauƙi, ko warin giya, ko fumfuna, wannan ta bola ce.

5. Ajiyar saura

Lemo: ku shimfiɗa shi a faifai ko kwando mai huji, kada ku tsibe shi. A inuwa ya kan yi kamar mako guda. Wanda ya fara farin gari ko koren fumfuna ku raba shi da saura nan da nan.

Mangwaro da gwanda da gwaiba: ku jera su ɗai-ɗai, kada su hau juna. Waɗanda suka nuna a ci su da wuri.

Kankana da abarba: muddin ba a yanka ba, su kan jure 'yan kwanaki a wuri mai sanyi, kankana ta fi daɗewa. Ku nisanta kankana da ayaba, domin iskar nan ta ayaba tana sa cikinta ya yi laushi ya lalace. Hakanan kokwamba da ganyen miya.

Kada ku ajiye kome a ƙasa. Ɓera shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. A garin Lassa na ƙasar Borno aka fara gane wannan cuta a 1969. Duk ɗan itacen da kuka ga haƙorin ɓera ko na jemage a jikinsa, kada ku yanke wurin ku ci saura. Ku binne shi.

6. Tukunya cikin tukunya

Ga wata dabara wadda ba ta bukatar lantarki. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Ku sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. Ku zuba yashi a gindin babbar, ku zaunad da ƙaramar a ciki, ku cika tsakaninsu da yashi. Ku jiƙa yashin sarai, ku sa kayanku a busshe cikin ƙaramar, ku rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta. A ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa yana tafiya da zafi, daidai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Ta fi aiki da rani sa'ad da iska ta bushe, da damina kuwa ƙarfinta kaɗan ne. Tana da kyau ga lemo da gwaiba da tumatir, amma kada ku haɗa nunanniyar ayaba da ganye a tukunya guda.

7. Wanki da yanka

Kada ku wanke 'ya'yan itace sa'an nan ku ajiye. Sai za a ci a ke wankewa. Ku fara wanke hannu da sabulu, sa'an nan ku wanke ɗan itacen da ruwan da kuka yarda ku sha, kuna zubawa kuna cuɗawa. Ba a sa musu sabulu ko garin wanki. Ko kankana da abarba da lemo, waɗanda ba a cin ɓawonsu, lalle a wanke su, domin wuƙa ita ke ɗaukar dauɗar baya ta kai ciki. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama kada ta taɓa su sai an wanke ta da sabulu.

Da zarar an yanka, ajiya ta ƙare. In babu firiji, a cinye cikin awa 2, a rufe kuma da faifai kafin a ci. Ƙudan da ya tashi daga masai shi ne ke sauka a kan yankakkiyar kankana, da ƙwayoyin atuni da taifot da kwalara a ƙafafunsa. Saboda haka ku hana yaranku sayen yankakken abu da ke buɗe a tire a bakin hanya.

Waɗansu su kan ce mangwaro ke kawo zazzaɓi. Ba haka ba ne. Zazzaɓin cizon sauro, sauro ke kawo shi. Abin da ke kwantad da yara lokacin mangwaro shi ne tsintar na ƙasa, da ci ba wanki, da ƙuda.

In mangwaro ya yi muku yawa, ku yanyanka shi siri-siri, ku shanya a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa, ku lulluɓe da ƙyalle marar kauri, ku shigad da shi da dare. In ya bushe sarai ku zuba a mazubi mai murfi.

8. In yaro ya kamu da zawo

Abin da ke kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Ku jiƙa ƙunshin ORS yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, ku sami ruwa mai tsabta lita 1, ku zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ku riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kai kwana guda a zubar a haɗa sabo. Kada a hana shi nono ko abinci. Nunanniyar ayaba mai kyau ma tana taimakonsa. Ku zo ɗakin shan magani a ba shi ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.

Amma in kun ga jini a kashinsa, ko ya kasa sha, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idanunsa sun faɗa, ko maɗigar jariri ta lotsa, ko ya yi laƙwas, kada ku jira gari ya waye. Ku kawo shi nan take.

Tambayoyi don bita

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke lalata 'ya'yan itace?
2. Don me ba a ajiye ayaba kusa da kankana?
3. Yaushe a ke wanke ɗan itace?
4. Awa nawa yankakkiyar kankana za ta yi in babu firiji?
5. Waɗanne alamu ne za su sa a garzaya da yaro asibiti?

Wanda ya amsa waɗannan daidai, sai ya je ya duba kwandon gidansa yau. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya.