Yadda Mutanen Filifin Ke Dafa Nama Da Kifi Da Ruwan Waken Soya

Ƙasar Filifin tana can gabas mai nisa, a cikin teku, kudu maso gabas da ƙasar Sin. Tsibirai ne fiye da 7,000, babban birninsu kuwa Manila. Ƙidayar da aka yi cikin 2020 ta sami mutum wajen miliyan 109 a cikinsu. Ƙasa ce mai zafi da yawan ruwan sama, iskarta kuma mai laima. A irin wannan wuri naman da aka yanka da safe, in ba a yi masa dabara ba, kafin dare ya fara sauyawa, kifi kuwa ya fi nama saurin lalacewa. Inda iska take a bushe, kamar ƙasar Hausa da rani, sai a yi kilishi a shanya. Su ma mutanen Filifin suna shanya kifi da nama, amma doguwar damina ba kullum take barinsu ba. Saboda haka babbar dabararsu a cikin tukunya take, watau su dafa naman da ruwan khal, wanda waɗansu ke kira binega, tare da gishiri. Daga baya gishirin ya sami abokin aiki, shi ne baƙin ruwan nan na waken soya da ake sayarwa a kwalba, wanda 'yan kanti ke kira soya sos, su kuwa mutanen Filifin suna ce masa toyo.

Asalin toyo

Toyo baƙo ne a Filifin, ko da yake ya daɗe har ya zama ɗan gari. Fataken Sin ne suka kawo shi, sunan ma daga harshen mutanen lardin Fujiyan na ƙasar Sin aka aro shi. Waɗannan fatake sun riga Turawa zuwa tsibiran. Bayan Sifaniyawa sun kama Manila cikin 1571, sai suka keɓe wa Sinawa unguwa a ƙetaren kogi cikin 1594, ana kiranta Binondo, har yanzu tana nan.

Ga yadda ake yinsa. A dafa waken soya, a gauraya shi da soyayyar alkama ɓarzajjiya, a sa masa wani irin fumfuna na musamman a bar shi kwana biyu ko uku. Sa'an nan a juye shi cikin ruwan gishiri mai ƙarfi, ya yi watanni yana ruɓa a hankali, kana a matse a tace. Wanda ya san yadda ake mai da kalwa daddawa ba zai yi mamaki ba, gama hikimar ɗaya ce: ƙwayar da ba ta da wani armashi, in aka bar ta ta nuna, sai ta zama abin da ke tayar da miya. Bambancinsu shi ne daddawa 'yan kwanaki take yi, toyo kuwa watanni, kuma cikin gishiri yake girma. Akwai mai araha wanda ake yi cikin gaggawa a masana'anta, a sa masa launi. Shi ma yana yin aiki, sai dai ƙanshinsa bai kai na wancan ba.

Adobo

Dahuwar da ta fi kowace suna a Filifin ita ce adobo. Kalmar ta Sifaniyanci ce, ma'anarta jiƙa nama cikin kayan ƙanshi da tsami, amma dahuwar ta 'yan ƙasa ce, Sifaniyawa tarar da ita suka yi suka laƙaba mata suna. Wani limamin Kirista, Pedro de San Buenaventura, wanda ya buga ƙamus na harshen Tagalog cikin 1613, ya ambaci wani abincinsu na khal ya kira shi adobon 'yan ƙasa. Irin na da ba a sa masa toyo, khal ne da gishiri da tafarnuwa kawai. Har yau akwai gidajen da ke yinsa haka, suna ce masa farin adobo.

Yawancin mutanen ƙasar Kirista ne, sukan yi adobo da naman alade ko da kaza, ko su haɗa biyun. Musulmin kudu, na Mindanao da Sulu, kaza da naman shanu da na akuya da kifi suke ci, dahuwar kuma tana karɓar kowanne daga cikinsu. A nan da kaza za a yi misali.

Ga kaza mai nauyin kilo 1, a tanadi khal rabin kofin shayi, toyo sulusin kofi, ruwa kofi 1, tafarnuwa dunƙule guda a ɓare a daddaka, masoro ƙaramin cokali 1 ba a niƙa ba, da ganye 3 na busasshen ganyen nan mai ƙanshi da ake sa wa dafa-duka, wanda 'yan kasuwa ke kira belif. A yanka kazar a wanke, a zuba mata toyo da tafarnuwa, a rufe a ajiye a wuri mai sanyi kamar rabin sa'a. In akwai firiji, ta kwana a ciki ya fi. Sa'an nan a juye duka a tukunya, a ƙara ruwa da masoro da ganyen, a zuba khal a ƙarshe, a ɗora a wuta ba murfi.

Matan Filifin suna da doka a nan, cewa kada a sa muciya ko ludayi a tukunyar sai khal ya tafasa sosai. Sun ce in an juya da wuri, ɗanyen tsami ne zai zauna a naman. Ko da mai karatu bai gaskata dalilin ba, bin dokar ba ya cin kome, barin tukunya a buɗe kuwa lalle yana sa kaifin khal ya fita da tururi. In ya yi minti 5 yana tafasa, a rage wuta a rufe, a bar shi yana dahuwa a hankali minti 30 zuwa 40. Kazar gida ta fi ta gona tauri, za ta nemi sa'a guda ko fiye, da ƙarin ruwa. Naman shanu da na akuya haka.

Nan ne mai ƙwarewa ke rabuwa da mai koyo. Mai koyo yakan sauke da zarar nama ya yi laushi, sai a sami kaza a cikin romo mai tsami. Mai ƙwarewa kuwa sai ta tsame naman, ta soya shi cikin ɗan mai har bayansa ya yi ja, ta bar romon a wuta ya tsotse ya yi kauri, kana ta mai da naman ciki. Da farar shinkafa ake ci, wadda ba a sa mata gishiri ba, gama romon ya ishe ta. Kada a ƙara gishiri ko dunƙule a tukunyar, toyo ya riga ya ɗauke wannan aiki.

Tukunyar ƙasa suka gada, suna kiranta palayok, kuma da dalili. Tsami yana cin alminiyam da tagulla da baƙin ƙarfe, ya ɓata ɗanɗanon abinci. Tukunyar ƙasa, ko ta tangaran, ko ta farin ƙarfen da ba ya tsatsa, ita ce ta dace, balle in abincin zai jima a ciki.

Ba a samun gida biyu masu adobo iri ɗaya. A Ilokos da khal na rake ake yi, a garin Paombong da na ruwan wani ɗan'uwan tukurwa mai fitowa a bakin teku, waɗansu wurare kuma da na kwakwar Attagara. Mutanen Bikol suna zuba madarar kwakwa da barkono, na Batangas suna sa kurkum har ya yi rawaya. Cikin 2021 Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu ta ƙasar ta naɗa kwamiti don ya tsara ƙa'idar adobo, jama'a suka yi ca, kowa yana kare tukunyar uwarsa, har ma'aikatar ta fito ta ce don tallar abincin a ƙasashen waje ne kurum, ba wanda za a tilasta wa.

Bistek da kifi

Akwai wata dahuwa mai sauri da ake kira bistek. A yanka naman shanu fale-fale, a jiƙa shi cikin toyo da ruwan wani ƙaramin lemo nasu mai suna kalamansi, da tafarnuwa da masoro. Inda babu kalamansi, lemun tsami yana tsayawa a madadinsa. A soya naman sama-sama, a zuba ruwan jiƙon da ɗan ruwa ya dahu, a ƙarshe a sa albasa mai yawa da aka yanka zobe-zobe, a sauke tun tana da ɗan ƙarfi.

Haka ake yi wa kifi, musamman bangus, wani farin kifi mai yawan ƙaya da suke kiwo a tafkunan bakin teku, da karfasa. Amma kifi ba ya son dogon jiƙo, tsami yana sa tsokarsa ta saki, minti 15 ya isa. A soya shi tukuna, a dafa romon toyo da lemo da albasa daban, a zuba masa a kai. Gasasshen kifi kuwa ba a wahala da shi, sai a haɗa toyo da ruwan lemo da ɗan barkono a ƙaramin kwano, kowa yana dangwala.

Iyakar abin da tsami da gishiri ke iyawa

Wannan shi ne wurin da ya kamata a fi lura. Khal na kanti yana da tsami kashi 4 ko 5 cikin 100, tsami da gishiri kuwa suna hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa da sauri. Don haka adobo yake jimawa fiye da naman miya, matafiya ma sukan yi guzuri da shi. Irin na guzuri khal ɗinsa da yawa, ana kuma dafa shi har ruwan ya ƙone sai mai. Na cin yau da kullum, wanda aka tsarma da ruwa, bai kai wannan ƙarfi ba, wanda aka sa wa madarar kwakwa kuwa shi ya fi duka saurin lalacewa, kifi na bi masa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a bar dafaffen abinci a zafin ɗaki fiye da sa'a 2. In akwai firiji a sa shi ciki, zai yi kwana 3 ko 4, mutanen Filifin ma sun ce na jiya ya fi na yau daɗi. In babu, a dafa gwargwadon abin da za a cinye, ko a bar shi da zafinsa a kan garwashi har lokacin ci. Kada a dogara ga ɗumame kaɗai, domin akwai ƙwayoyin cutar da ke barin dafi a abinci, wanda tafasa ba ta kashewa. Kada kuma a mai da ruwan da aka jiƙa ɗanyen nama a ciki abin dangwale, sai ya tafasa.

Sai batun gishiri. Babban cokali 1 na toyo yana ɗauke da gishiri fiye da giram 2, alhali hukumar nan ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini. Ke nan cokali 2 sun kusa cinye rabon yini guda. Sulusin kofin da aka ambata a sama na tukunyar mutum huɗu ko biyar ne. Gidan da ke da mai hawan jini ko ciwon ƙoda, sai a rage toyo zuwa rabi, a ƙara tafarnuwa da masoro da lemo, a kuma zuba masa romo kaɗan a kan shinkafarsa.