Yadda Ake Zaɓen Sifikar Tsakiya da Mararrabar Sauti a Akwatin Gida

Akwatin sifika mai hanya biyu yana ɗauke da babbar sifika mai fitar da kaurin sauti tare da muryar ɗan Adam, wadda ake kira sifikar tsakiya, da kuma ƙarama mai fitar da siririn sauti, wato tiwita. Tsakaninsu akwai haɗin kafasita da koyil mai raba musu aiki, kuma wurin da ɗaya ke miƙa wa ɗaya shi ne mararrabar sauti. Ana auna sauti da haz, wato yawan kaɗawa a daƙiƙa guda, ƙarfinsa kuwa da desibel.

Mataki na farko shi ne karanta alƙaluman da kamfani ya bayar, waɗanda suka samo asali daga aikin injiniyan Ostireliya Neville Thiele a 1961 da na Richard Small a farkon shekarun 1970. Daga cikin alƙaluman, Fs shi ne sautin da faifan sifikar ke kaɗawa a kansa cikin sauƙi, kuma ƙasa da shi ƙarfinta yakan ragu. Qts yana nuna yadda maganaɗisu da roba ke tsayar da faifan bayan ya motsa. Idan bai kai 0.4 ba, sifikar ta fi dacewa da akwati mai hujin iska, idan kuwa ya wuce haka zuwa 0.7, rufaffen akwati ya fi mata. Vas yana taimakawa wajen lissafin girman akwati, Xmax kuma shi ne iyakar tafiyar faifan gaba da baya kafin sauti ya fara gurɓata.

Mataki na biyu shi ne gano iyakar sifikar ta sama, kuma a nan ne girmanta ke yanke hukunci. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka idan aka raba wannan da faɗin faifan, za a sami wurin da sifikar ke daina watsa sauti ko'ina ta koma harba shi gaba kawai kamar hasken tocila. Sifika mai inci 6.5 tana da faifai mai faɗin kusan santimita 13, wanda ya ba da kimanin haz 2,600, mai inci 8 kuwa takan fara matsewa tun wajen haz 2,000. Haka nan faifan alminiyam yakan yi ƙara mai kaifi a sama da haz 4,000, don haka dole mararraba ta yi nesa da wurin, yayin da faifan takarda ya fi sauƙin sarrafawa ga mai koyo.

Mataki na uku shi ne duba iyakar tiwita ta ƙasa, domin ita ce mai saurin ƙonewa idan aka ɗora mata kaurin sauti. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce mararraba ta kai aƙalla ninki biyu na Fs ɗin tiwita, ta yadda mai Fs na haz 900 ba za a sauke ta ƙasa da 1,800 ba. Idan aka haɗa ta da sifika mai inci 6.5, filin zaɓi ya tsaya tsakanin 1,800 da 2,600, kuma idan babu irin wannan fili tsakanin sifikun biyu, to ba su dace da juna ba, komai tsadarsu.

Mataki na huɗu shi ne zaɓen gangara, wato saurin da kowace sifika ke yin shiru bayan mararraba. Kafasita ɗaya da koyil ɗaya suna rage desibel 6 a duk ninkin haz. A lissafi, sifiku masu om 8 (ma'aunin turjiyarsu ga lantarki) da mararraba a haz 2,000 suna buƙatar kafasita mai maikurofarad 10 da koyil mai milihenri 0.64. Tsarin da Siegfried Linkwitz da Russ Riley suka fito da shi a 1976 yana iya rage desibel 24 a duk ninki, kuma ya fi kare tiwita, ko da yake yana cin kayan haɗi da yawa. Tun da tiwita takan fi ƙarfi da desibel biyu zuwa huɗu, ana sa mata rasista don daidaita su.

Mataki na ƙarshe, wanda bai kamata a tsallake ba, shi ne awo bayan an ɗaura sifikun a akwatinsu, domin om 8 da aka rubuta a jiki yana hawa yayin da sauti ke sirancewa, kuma faɗin fuskar akwati yana rage kaurin sauti har zuwa desibel 6. Da makirfon awo da manhajojin kyauta irin su REW da VituixCAD, mai haɗi zai ga ainihin halin kowace sifika, ya gyara kafasita da koyil, ya kuma juya wayar tiwita idan sauti ya nutse a mararraba. Lissafi yana nuna inda za a fara ne kawai, amma awo da sauraro su ne ke tabbatar da mararraba.