Lambu A Bayan Ɗaki

Mu mutanen Birnin Kebbi da Argungu mun san lambu. Da rani mu kan sauka fadamar Gulbin Rima, mu yi fangali, mu dasa albasa da tumatir da tattasai. Fangali ɗan rami ne, don ya riƙe ruwa. Amma da damina gulbi ya kan cika, ya shafe fadama. Ya yi haka a 2010. A 2020 ma ruwa ya ci shinkafa mai yawa a Jihar Kebbi. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, kayan miya su kan yi tsada da damina. Uwargida ta aiki yaro kasuwa, ya komo da abin da bai cika tafin hannu ba.

To, me zai hana mu yi ɗan lambu a cikin gida?

Lambun damina ba a yi masa rami. Tada ƙasa a ke yi, kamar kunya mai faɗi. In ruwa ya kwanta a gindin shuka, saiwa ba ta samun iska, sai ta ruɓe. In kuwa ƙasa ta yi tudu, ruwa ya tsane, shuka ta tsira.

Mu nemi wurin da rana ke samu sosai, nesa da masai. Maigida ya auna. Faɗi kamu 2, tsawo kamu 6, tudu kuwa taƙi 1. Kada faɗin ya wuce haka. Mu na so hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe, ba sai an taka ba. Ƙasar da a ke takawa ta kan daskare. A tokare gefe da itace ko tsofaffin tubala, don kada ruwan sama ya zaizaye ta.

A lura da kalmomin nan biyu: taƙi da taki. Taƙi awo ne, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Taki kuwa abincin ƙasa ne. Lanƙwasar ƙ ce ta raba su.

Haɗa ƙasa shi ne babban aikin. Ƙasar fadama laka ce, ta cika riƙe ruwa. Ta tudu kuwa rairayi ne, ruwa ba ya zama. Sai mu gauraya su. Mu zuba takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki ya na ƙone shuka, balle kashin kaji. Ɓuntun shinkafa da mu ke zubarwa, in ya ruɓe, ya na sa ƙasa ta yi laushi. Yara su ne masu ɗauko duk waɗannan.

Kafin a shuka kome, a yi shinge da kara ko ƙaya. Akuya ɗaya ta isa ta gama aikin wata guda kafin a sauko daga masallaci.

Mu fara da alayyafo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a cuɗa shi da rairayi kafin a yafa. Bayan kamar mako 4 an fara tsinka. Ganyensa ya na ƙara jini, ga amfani ga idon yara. Kuɓewa ta kan kai wata 2 kafin ta ba da 'ya'ya. Yakuwa da rama ba su da wuya. Tumatir ya fi son lokacin sanyi, a bar shi sai kaka ta yi.

Ranar da ba a yi ruwa ba, a yi ban ruwa da safe ko da maraice. Uwargida ta riƙa tara ruwan wankin shinkafa, amma ban da mai sabulu.

Yanzu ga aikin aji. Kowa ya sami ɗan katako, ya rubuta sunan abin da ya shuka da ranar shuka, ya kafa a bakin kunya. Mako mai zuwa mu zo da ranar a rubuce, mu lissafa tare yaushe za a fara tsinka.